Zuleha da Kwalbar Mma Humu

A unguwar Asawase aka haifi Zuleha, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha tara da famfo ɗaya. Ubanta, Malam Bawah, goro yake sayarwa a kasuwa, uwarta kuma kitso take yi a gindin mangwaron tsakar gida. In kana so yarinya ta san cikin unguwa, zaunar da ita kusa da mai kitso ta riƙa miƙo zare. Mace in ta ɗora kanta a cinyar wata, bakinta da kansa yake buɗewa. Zuleha ta tashi tana ji, kuma tun ba ta kai shekara goma ba ta lura da wani abu. A farkon kitso kowa lafiya lau yake, maigida lafiya, yara lafiya, kasuwa sai godiya. Sai an kai ƙeya gaskiya take fara fitowa, ita ma ba gaba ɗaya ba.

Ta yi karatun Alƙur'ani, ta yi boko, ta shiga jami'a ta karanci zamantakewar jama'a. Daga baya ta ƙara shekara biyu tana koyon wani irin bincike da ba a yin sa da allura ko ma'auni. Zama ake yi da mutum, a yi masa tambayar da ba ta sa masa amsa a baki, a naɗi muryarsa da izininsa, a koma a rubuta duk abin da ya faɗa kalma bayan kalma. Sannan a jera maganar mutum goma ko ashirin, a duba inda suka haɗu da inda suka rabu, a je takanas a nemo wanda zai ƙaryata abin da ake zato. Hirar awa ɗaya takan ci yini guda na rubutu. Ranar da ta kawo takardar shaidarta gida, gwaggonta ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Wato duk shekarun nan gulma aka koya miki?" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta san cewa masu manyan digiri ma haka za su riƙa kallon aikin ba, sai dai su ba sa faɗa da dariya.

Ta auri Jibirin, kafinta a unguwar Anloga, suka kama ɗaki biyu a unguwar Buokrom, Allah ya ba su 'ya'ya biyu. Shekara goma sha biyu tana bin ayarin masu binciken lafiya, kwantiragin wata uku yau, na wata shida gobe. Ta yi na gidan sauro, ta yi na haihuwa a gida, ta yi na rigakafi. Kuma kusan ko'ina, in aka jera sunayen ma'aikata, nata yana can ƙasa kusa da na direba, an rubuta "mai fassara". Ba laifi ba ne mutum ya zama mai fassara. Amma a ɗauki macen da ta san yadda ake tono abin da mutane ke yi a bayan ƙofa, a ce mata ta tsaya ta juya tambayar wani zuwa Hausa, wannan wulaƙanta ilimi ne, kuma ni dai yana ba ni haushi.

Aikin da ya fi tsaya mata a rai na hawan jini ne. Wata cibiya ce ta kawo shi zango, wato unguwannin baƙi Musulmi irin su Asawase, ƙarƙashin Dokta Rafiu, ɗan unguwar Tafo da ya yi karatu a waje ya dawo. Ba mugu ba ne. Yana gaida tsofaffi, yana cire takalmi in zai shiga ɗaki, kuma da gaske yake so jinin mutanensa ya sauka. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ba a iya sa shi a jadawali, a wurinsa bai faru ba.

Tsarin nasa mai sauƙi ne. Gida ɗari huɗu, a kowane gida kwamfuta ta zaɓi mutum ɗaya mai hawan jini. A ba shi kwalba mai ƙwaya talatin kyauta, ɗaya kowace safiya. Ƙarshen wata nas ta zo ta ƙirga abin da ya rage, ta auna jini, ta tambaya, "Kina sha kullum?" Da aka yi wata shida sai lissafi ya fito da abin mamaki. Matan gidajen haya kwalabensu fes, ko ƙwaya ɗaya ba ta saura, duk sun ce suna sha, amma jininsu yana nan inda yake. Dokta Rafiu ya yanke cewa maganin ya yi wa jikinsu rauni, sai a ninka ƙarfinsa.

Zuleha ta roƙi a ba ta dama ta zauna da wasu daga cikin matan kafin a ninka. Sau uku tana roƙo. A na ukun ya ba ta sati uku, ba don ya yarda ba, don dai ta ƙyale shi.

Ta fara da wadda ta fi kowa ɗaure musu kai. A takardunsu lamba ce, ɗari biyu da goma sha bakwai. A unguwa kuwa Mma Humu ce, wadda ke zama a bakin tashar trotro, ƙananan motocin haya, tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da ganyen karan dawa har su yi ja. Ta haura sittin, mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da jikoki uku. Kwalbarta ta fi ta kowa tsabta, jininta ya fi na kowa hawa. Nas Hikima, wadda ke zagaye da na'urar awo, ta ce duk ranar da ta ɗaura mata abin a hannu sai gabanta ya faɗi.

Ranar farko Zuleha ba ta ambaci magani ba. Ta zauna ta taya ta tsince wake, suka yi zancen tsadar gawayi da jikan da ya ƙi makaranta. Rana ta biyu Mma Humu da kanta ta ce, "Ina sha kullum-kullum, ɗiyata, ka rubuta." Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "ka" da "shi" ne a bakinta. Zuleha ta rubuta, ba ta musa ba. Sai a rana ta uku ta ce, "Mma, ba ni labarin jiya. Daga tashinki har kika ɗora tukunya, me da me kika yi?"

Tsohuwar ta fara jerowa: alwala, salla, hura wuta, leƙa ɗakin Latifatu, leƙa ɗakin Hajiya, wanke ganye.

"Leƙawar ta gaisuwa ce?"

"Gaisuwa, da abin nan."

"Ko za ki nuna mini inda maganin yake kwana?"

Mma Humu ta dubi ƙaramar na'urar da ke naɗar muryarta, ta dubi Zuleha. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara. Kwalbar na ciki, babu komai a cikinta. Gefenta ga ƙulli uku na leda, kowanne da 'yan ƙwayoyi, an ɗaure su kamar yadda ake ƙulla gishirin sayarwa.

"Wannan nawa. Wannan na Latifatu, ɗakin kusa da famfo. Wannan na Hajiya tsohuwa."

"Su ma likita ya duba su?"

"Wane dokta? Gida mutum arba'in, kwamfuta ya ce Humu kaɗai. Latifatu shi ma ƙeyansa yana nauyi, iri ɗaya da nawa paa. Shekara ashirin muna cin kwano ɗaya. Ranar da mijina ya mutu shi ya riƙe min tukunya wata biyu. Yanzu in kulle ƙofa in sha magani, shi yana waje yana riƙe wuya? Wane irin mutum ne ni?"

Ashe ƙwaya talatin kashi uku ake raba ta tun ranar da ta shigo gidan. Goma-goma. Kuma da yake goma ba ta kai wata, kowacce sai ranar da ta ji ƙeya ta yi nauyi take sha. Zuleha ba likita ba ce, amma ta san abin da wannan ke nufi. Mma Humu tana yawo da jinin da zai iya kayar da ita kowace rana, alhali takarda na cewa ta fi kowa bin doka. Ta gaya mata haka ƙarara, ta ce maganin nata ne ita kaɗai, kuma ba kowane ciwon ƙeya ne hawan jini ba. Mma Humu ta ce, "Yoo, na ji." Sannan ta kama hannun Zuleha. "Amma kar ka gaya masu sunana. Za su cire ni, mu uku mu rasa."

Da wata ce, da a ranar za ta ruga ofis da labari. Zuleha ba ta yi ba, domin mace ɗaya ba hujja ba ce, kuma ita ta fi kowa sanin haka. Ta bi gida-gida, Asawase, Buokrom, Tafo, ta zauna da mata goma sha takwas, tana neman wadda za ta rushe abin da ta gani. Goma sha uku suna rabawa. Wata da ƙanwarta, wata da mai ɗakin da ke kallon nata, wata ma har ta aika wa uwarta a arewa cikin kayan miya. Biyar ɗin da ba sa rabawa duk a gidajen kansu suke, ba maƙwabcin da ke ganin lokacin da nas ta shigo. Daga ta goma sha huɗu ba ta ƙara jin sabon abu ba, sai maimaici. Ta zauna kwana shida tana rubutu a teburin da Jibirin ya ƙera mata, ta fito da shafi talatin. Shawararta uku ce: a auna duk manyan da ke gidan wanda aka zaɓa a haɗa su da asibiti, a canza tambayar da nas ke yi, kuma a dakata da ninka magani. Dalilinta na ƙarshen a fili yake. Ƙwaya mai ƙarfi in ta shiga irin wannan gida, ba ta ƙara wa mai ita komai, sai dai ta faɗa cikin wanda ba a taɓa auna shi ba.

Aka sa ta a ƙarshen taro, bayan an sha shayi, minti goma. Rabin mutanen suna duba waya. Dokta Rafiu ya saurara da ladabi, yana juya biro a hannu, sannan ya ce, "Sista Zuleha, sannu da ƙoƙari. Amma mata goma sha takwas ne fa. Ni ina da ɗari huɗu."

"Dokta, kwalba ɗari huɗu kake da su. Kwalbar ka ƙirga, ba ka ƙirga wanda ya haɗiye ba."

Nas Hikima ta sunkuyar da kai. Dokta ya yi ɗan murmushi, ya ce labarai ne masu taɓa zuciya, kuma za a iya ɗauko ɗaya a ƙawata rahoto da shi. A ƙawata. Mace ta yi sati uku tana tono abin da zai iya kashe mutane, a ce za a yi ado da shi a gefen shafi.

"To, in haka ne," ya ce, "ba ni sunayen goma sha ukun. Sun saɓa ƙa'ida, sai mu cire su, lissafi ya gyaru."

"Ba zan bayar ba. Takardar da suka dangwala wa hannu ta ce ba za a bayyana su ba, kuma sa hannunka ne a ƙasanta. In ka cire goma sha uku, sauran da ban kai gare su ba fa? Ba mutane ne suka lalace ba, Dokta. Tsarin ne ya ɗauka gida a zango miji da mata ne da 'ya'ya biyu." Ta ɗan tsaya, ta san maganar da za ta biyo baya ba za ta yi masa daɗi ba, ta faɗe ta. "Kai ma a gidan haya ka tashi a Tafo. In aka kawo wa mamanka magani, ita kaɗai take sha?"

Fuskarsa ta canza. Ya tuna, kowa a ɗakin ya ga ya tuna. Amma sai ya gyara zama ya ce abin da mutum ya tuna ba kimiyya ba ne.

"Shi ya sa ban kawo abin da na tuna ba," in ji ta. "Muryoyi goma sha takwas na kawo, a rubuce, kowa na iya bi ya duba ko na yi kuskure."

Ba wanda ya bi ya duba. Dokta ya bayyana cewa canza tsari sai an koma neman izini, abin zai ci watanni, masu ɗaukar nauyin aikin kuma suna jiran sakamako. Duk gaskiya ne. Amma da ɗaya daga cikin masu lissafinsa ne ya zo ya ce na'urar awo ta lalace, da a ranar za a tsayar da komai. Ƙarshen watan aka raba ƙwaya mai ninkin ƙarfi. Kwantiragin Zuleha kuma ya ƙare, ba a sabunta ba.

Ta koma gida tana huci. Jibirin ya saurare ta har ta gama, ya ce, "To yanzu ya za ki yi? Ba ki da ofis." Ta ce tana da ƙafa.

Ranar Asabar ta ja Nas Hikima, ba da sunan aiki ba, suka je gidan su Mma Humu da na'ura a jaka, suka ce sun zo auna duk mai so. Abin da suka gani ya sa Hikima zama a kan turmi. Jinin Hajiya tsohuwa ƙasa yake, ba ta da hawan jini ko kaɗan, jirin da take ji da safe ma maganin ne ke jawo shi. Da ta sha sabuwar ƙwayar sati guda, wa ya san inda za a tsince ta. Suka lallaɓa ta ta daina. Latifatu kuwa Mma Humu ba ta yi ƙarya ba, jininta ya hau sosai. Katinta na asibiti ya mutu tun bara. Zuleha ta raka ta aka sabunta, suka yi yini guda a layi, aka ba ta ranar ganin likita nan da sati biyar.

"Sati biyar kawai, Mma," Zuleha ta ce. "Ki sha naki cikakke, don Allah. Nata yana zuwa."

"Yanzu da mashin ɗin awo ya nuna ciwonsa gaskiya ne, yanzu zan hana shi?"

Gida ɗaya ke nan cikin ɗari huɗu, shi ma rabinsa Zuleha ta iya gyarawa.

A sati na huɗu, ranar Laraba da hantsi, Mma Humu tana zuba wa wani direba waakye ludayi ya suɓuce mata. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun bai bi ta ba. Kafin a kai ta asibiti bakinta ya karkace, ɓarin dama ya shanye. Ta rayu. Nas Hikima ce ta kira Zuleha ta gaya mata, ta kuma karanta mata abin da aka cike a fom ɗin ofis: mai lamba ɗari biyu da goma sha bakwai, tana shan magani ba fashi, magani bai yi mata aiki ba. Zuleha ta kashe wayar. Ba baƙin ciki kaɗai ba ne, fushi ne. Sun ji gaskiya da kunnensu, tana nan shafi talatin a aljihun teburinsu, kuma suka zauna suka rubuta akasinta da kyakkyawan rubutu.

Da aka sallamo Mma Humu, Zuleha ta je dubiya da safe. Tukunyar waakye na kife a bakin ƙofa. Latifatu na bakin famfo tana wanke kayan jinya, tana yi tana tsayawa ta dafe ƙeya da jiƙaƙƙen hannu. Saura kwana tara ta ga likita.

Mma Humu na kwance a tabarma an jingina ta da matashi biyu. 'Yarta da ta zo daga Tamale ta sa mata ƙwayar safe a hannun hagu, ta tafi ɗebo ruwa. Tsohuwar ta dunƙule hannun. Da ruwan ya zo ba ta buɗe baki ba. Idonta na kan ƙofa, wajen da ake jin ƙarar famfo, tana ta ƙoƙarin haɗa magana da rabin harshe. 'Yar ba ta gane ba. Zuleha, wadda sauraro ne sana'arta, ta matso da kunnenta.

"Latifatu... ya sha?"

Shekara goma sha biyu tana zama gaban mutane da na'ura, ba ta taɓa yi wa ɗayansu ƙarya ba. Ta karɓi kofin daga hannun 'yar, ta durƙusa.

"Ta sha, Mma. Tun ɗazu."

Sai a lokacin Mma Humu ta buɗe hannu, ta kai ƙwayar bakinta.